Yadda aka koyi hango karayar arziki tun kafin ta iso Jalingo

A ƙarshen Agustan 2016 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tabbatar cewa tattalin arzikin Najeriya ya karye. Ga mai shago a babbar kasuwar Jalingo, wannan tsohon labari ne. Tun tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai, wadda ta haura dala 100, ta kama gangara har ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Kason kuɗin da ake raba wa jihohi a Abuja ya ragu, albashi ya fara jinkiri a jihohi da dama. Jalingo kuwa, tun da ta zama hedikwatar Taraba a 1991, cinikinta na rataye ne da albashin ma'aikata. Mai sayen buhun shinkafa ya koma awon mudu, littafin bashi ya cika.

Neman alamun da ke riga matsala isowa ya bunƙasa ne a Amurka. A 1919 Warren Persons na jami'ar Harvard ya haɗa ma'auni mai layi uku: hannun jari, ciniki, da kuɗin ruwa, bisa lura da cewa na farko kan juya kafin sauran. Ma'aunin ya yi tashe, sai faɗuwar arziki ta 1929 ta kunyata shi, don masu shi ba su hango zurfin ramin ba. Da arziki ya sake durƙushewa a 1937, sakataren baitulmali Henry Morgenthau ya nemi cibiyar bincike ta NBER ta samo masa alamun farfaɗowa. Wesley Mitchell da Arthur Burns suka tace ɗaruruwan alƙaluma, suka fitar da jerinsu a 1938.

Wannan ilimi ya daɗe kafin ya zauna a nan gida. Sai a 2014 Babban Bankin Najeriya ya fara tambayar manajojin saye a kamfanoni kowane wata: oda ta ƙaru ko ta ragu, ana ɗaukar ma'aikata ko ana sallama? Ana haɗa amsoshin a fitar da maki; in makin ya gaza 50, harka na tsukewa. Na masana'antu ya kwanta ƙasa da 50 tun Janairun 2016, tun kafin waccan sanarwa ta Hukumar Ƙididdiga.

Sai dai manomin Taraba ba ya cikin wannan lissafi, alhali alamunsa sun fi kusa da tukunya. Dillalan kasuwar shanu ta Iware sun san cewa in makiyayi ya fara kawo saniya mai ciki, to, rumbu ya yi ƙasa. In kuɗin rago ya kasa sayen masarar da ya saya bara, bazara za ta yi tsanani. Irin wannan awo na dabba da hatsi yana cikin abin da shirin gargaɗin yunwa na FEWS ke bi, wanda aka kafa a 1985 bayan farin da ya addabi Sahel da Habasha. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta ɓaci.

Ya kamata gwamnatin jiha ta riƙa tattara farashin masara, doya, taki, shanu da kuɗin mota daga Iware, Mutum Biyu da Dan Anacha kowane mako, a karanta wa jama'a a rediyo da Hausa da Fulfulde.