Buɗaɗɗiyar Manhaja: Asalinta da Yadda Ta Iso Kafur

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, suka kuma yarje wa kowa ya yi aiki da ita, ya gyara, ya raba wa wasu ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Manomin masara a Kafur zai gane bambancinta da manhajar da ake saye da sauri: akwai irin da kake ajiyewa a rumbu ka shuka baɗi, har ka ɗibar wa maƙwabci, akwai kuma na kamfani da sai ka sake saye kowace damina.

Tafiyar ta faro ne a Amurka a 1983, lokacin da Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, mai sharaɗin cewa duk wanda ya gyara manhajar ya raba, dole ya bar gyaransa a buɗe. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux. Daga nan sai Firefox da Ubuntu a 2004, LibreOffice kuma a 2010 ta zama kishiyar Microsoft Office.

A Nijeriya an taɓa kai ruwa rana a kan buɗaɗɗiyar manhaja. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 domin 'yan makaranta, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Kwatsam sai aka ji za a goge shi a ɗora Windows. Shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, daga bisani hukumar da ta biya kuɗin mafi yawan kwamfutocin ta ce Linux ɗin za ta riƙe.

Duk da haka buɗaɗɗiyar manhaja ba ta kama ofisoshi ba. Shiga shagon buga takardu a Funtuwa ko Malumfashi, Windows da Word da CorelDraw za ka tarar, galibi kwafin bayan fage da mai gyara ya ɗora a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda bai taɓa biyan lasisi ba, da wuya ka burge shi da cewa ga ta kyauta. Wannan, a ganina, shi ne babban abin da ya daƙile ta.

Ta aljihu ta shigo. Android, da ta fito a 2008, a kan Linux aka gina ta, don haka duk wayar Tecno ko itel mai shafawa da ɗan kasuwar hatsi ke tambayar farashin buhu da ita tana ɗauke da aikin Torvalds. VLC da ake kallon fina-finan Kannywood da ita ma buɗaɗɗiya ce. Haka a harkar lafiya: alƙaluman wata-wata na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro daga asibitocin ƙananan hukumomi, a manhajar DHIS2 ake zuba su, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa. Ma'aikatan yaƙi da cutar shan inna a Arewa sun daɗe suna cike bayanai a waya da manhajar ODK.

Inda muka gaza shi ne harshe. Lasisin ya ba mu damar mayar da waɗannan manhajoji cikin Hausa ba sai mun nemi izinin kowa ba, amma akasarinsu har yau da Turanci suke magana. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, wannan aiki ku yake jira.