Burj Al Arab: daga wurin walda tankunan mai zuwa otal ɗin da kowa ke hoto a gabansa

1/ Duk wanda ya je Dubai sai ya dawo mana da hoton nan: shi a tsaye da baƙin gilashi, bayansa dogon farin gini a tsakiyar ruwa. Sunansa Burj Al Arab, wato Hasumiyar Larabawa. Ku gyara zama, yau tarihinsa zan warware muku. A ganina talla aka gina, ɗakunan kwana kuma gyara ne.

2/ Sai mun ɗan koma baya. Kafin mai, da nutso neman lu'ulu'u mutanen Dubai ke cin abinci. Wajen shekarun 1930 Japan ta cika kasuwa da lu'ulu'un kiwo, sana'ar ta mutu, gari ya shiga yunwa. Sai a 1966 aka samu mai a cikin teku, aka fara fitar da shi a 1969.

3/ Amma man Dubai kaɗan ne, bai kama ƙafar na Abu Dhabi ba. Sarkin lokacin, Sheikh Rashid, ya san rijiyar ba mai ɗorewa ba ce, shi ya sa ya zuba kuɗin a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, wadda aka buɗe a 1979. A 1985 kuma aka kafa Emirates. To, an samu jirgi. Saura abin da zai sa mutum ya hau shi ya zo.

4/ Ga ɓangaren da ya fi burge ni. Bakin ruwan da otal ɗin yake a yau, da Chicago Beach ake ce masa. Me ya kawo Chicago ƙasar Larabawa? Wani kamfanin Amurka ne, Chicago Bridge & Iron, yake walda manya-manyan tankunan ajiye mai a wurin, a ja su cikin teku. Daga baya aka gina otal mai wannan sunan, aka rushe shi a 1997. Wato dai a daidai inda ake yi wa mai rumbu, nan aka kafa abin da zai gaje shi.

5/ An fara aiki a 1994. Wanda ya zana ginin Bature ne ɗan Ingila, Tom Wright, na kamfanin Atkins. Abin da aka nema wurinsa shi ne gini wanda da an gan shi za a ce Dubai, kamar yadda hasumiyar Eiffel take ga Faris. Sai ya ɗauko siffar ƙyallen nan da iska ke hurawa ta tura jirgin ruwan Larabawa na da.

6/ Tsibirin da ginin ke kai babu shi a da, cike teku aka yi, tazarar mita 280 daga gaɓa. Cikon kaɗai ya ci wajen shekara uku. Matsalar kuma ita ce ƙasan duk yashi ne, ba dutsen da za a ɗora tushe. Sai suka kafa ginshiƙan kankare 230, kowanne tsawon mita 40. Ba a kan komai suke zaune ba fa, yashin da ya matse su ta ko'ina shi ke riƙe da su, kamar turken da ka buga ya ƙi ciruwa. Gefen tsibirin kuma aka jera bulon kankare masu ramuka, igiyar ruwa ta shiga ciki ƙarfinta ya karye. Gini mai tsayin mita 321 a kan yashi. Kai!

7/ An buɗe shi ranar 1 ga Disamba, 1999. A lokacin masauki 202 ne kacal, kowanne hawa biyu, sama da ƙasa. Farfajiyar cikinsa ta kai mita 180 a tsaye. Zinariya kuwa har a jikin ginshiƙai. Gaskiya ni adon cikin ya yi min yawa, ja da shuɗi da ruwan gwal duk a wuri ɗaya, kamar ɗakin amaryar da aka yi wa jere don a ba kishiya haushi.

8/ Gidan cin abinci na Al Muntaha yana rataye mita 200 a saman ruwa. Al Mahara kuma kana ci kifaye na kallonka ta gilashi.

9/ Batun "tauraro bakwai": babu wannan matakin a hukumance, biyar ne ƙarshe. Daga bakin 'yan jarida maganar ta fito, ta bi duniya. Wa zai ƙi tallan da bai biya ba?

10/ Abin da ya sa na ce talla ne: fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ginin ba wurin da mutum zai zauna, ado ne zalla. Sannan ku dubi faifan saukar jirgi mai saukar ungulu da ke can sama. A 2004 Tiger Woods ya buga ƙwallon golf daga kai. A 2005 aka mayar da shi filin tanis, Federer da Agassi suka yi wasa. Hotunan suka zaga duniya, tun ba a san Instagram ba.

11/ Waɗanda ba sa fitowa a hoton su ne leburorin da suka zo daga Indiya da Pakistan da Bangaladash suka gina Dubai cikin zafin da ke haura digiri 40. Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2006 kan riƙe musu fasfo da albashi a harkar gine-ginen ƙasar. In za a yaba ginin, a tuna da su.

12/ Kwana ɗaya a masauki mafi araha yakan wuce dala dubu. Ku buga da canjin yau, ni dai na buga na rufe kalkuleta, na koma karatun jarabawa. Gadar shiga ma akwai masu gadi, a da sai mai ajiyar ɗaki ko tebur ke wucewa. Sai a 2021 suka fara sayar da tikitin shiga kallo kawai.

13/ Shi ya sa yawancin hotunan da 'yan'uwanmu masu sarin kaya a Deira ke turowa, daga bakin ruwan jama'a na Umm Suqeim aka ɗauke su. Nan kam kyauta ne, kuma nan ginin ya fi fitowa gaba ɗayansa.