Gubar da ke Kwance cikin Ƙasa

Ba kowace guba ce mutum ke haɗawa da hannunsa ba. Akwai wadda Allah Ya halitta cikin duwatsu da ƙasa, tana kwance tun fil azal ba ta cutar kowa, sai ran da bukata ta sa 'yan Adam suka tono ta. Haka ta auku a Bangaladash, inda tun wajen 1970 aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse don a tsare jama'a daga kwalara, ashe ruwan yana ɗauke da wata guba da ake kira asinik, wadda ba ta da launi balle wari. Ba a tabbatar da ita can ba sai cikin 1993, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha.

To, ƙasar Hausa ita ma ta ɗanɗani irin wannan masifa, sai dai tata gubar dalma ce, kuma ta hanyar zinariya ta zo.

Mutanen Zamfara sun daɗe da sanin akwai zinariya cikin ƙasarsu, amma ba su cika damuwa da ita ba, gama noma ne sana'arsu. Daga 2008 sai kuɗinta ya tashi a kasuwannin duniya, manoman Anka da Bukkuyum suka duƙufa ga haƙa. Abin da ba su sani ba shi ne, wasu duwatsun a cakuɗe suke da dalma mai yawan gaske. Suka riƙa kwaso su zuwa gida, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, mata na dakawa a turmi, ana shanya garin a tsakar gida, watau daidai wurin da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙurar ta sauka kan tabarmi da ƙore da tuwon dare.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sa'an nan abin ya faɗa wa yara: amai, sanƙarewa, suma, sai kabari. Aka ce zazzaɓi ne, wasu suka ce sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar Na-Gari Na-Kowa suka lura da abin, suka ɗibi jini aka kai Turai, nan fa gaskiya ta fito. Da masana daga Amurka suka ƙidaya a 'Yargalma da Dareta, sai suka tarar cikin shekara guda kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu. Dalmar da ke jinin waɗansu ta zarce iyakar abin da na'urar awon ke iya nunawa. Duka-duka an yi hasarar yara fiye da 400, ban da dubbai da suka rayu, wasunsu da naƙasar ƙwaƙwalwa ko makanta.

Maganin yana nan, wanda ke kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, amma banza ne a ba yaro shi in zai koma gidan da ya ɗauko ta. Saboda haka sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama, a binne ta can nesa, a zuba sabuwa. Ƙauyuka bakwai aka gama a 2010 da 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013, jinkirin da ba shi da wani uzuri.

An hana haƙan, hanin bai kama ba, don mai yunwa ba ya barin abin da ke ci da shi saboda ƙurar da ba ya ganin illarta nan take. Abin da ya fi amfani shi ne fitar da niƙa bayan gari, da jiƙa dutsen kafin a niƙa, da wanka kafin a shiga gida. Duk da haka, cikin 2015 irin wannan ta sāke aukuwa a Shikira ta ƙasar Rafi, cikin Jihar Neja, yara 28 suka rasu.