Gonakin Ƙarni a Amurka

Gonar ƙarni ita ce gonar gado da ta cika shekara 100 a hannun zuri'a ɗaya ba tare da an sayar wa bare ba, har hukuma ta shaida haka. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, inda kowace jiha mai irin wannan shiri ke da nata sharuɗɗan.

Ƙungiyar Aikin Gona ta Jihar New York ce ta fara karrama irin waɗannan gonaki a 1937. Lokacin ya dace, domin a 1935 ne yawan gonakin ƙasar ya kai ƙololuwa, kusan miliyan 6.8, daga nan kuma ya riƙa raguwa. Tarakta ta rage buƙatar hannu, 'ya'yan manoma suka nufi birane, manyan gonaki suka haɗiye ƙanana. Yau saura kimanin miliyan 2. Michigan da Wisconsin sun bi sahun New York a 1948, Oregon a 1958. A lardin Ontario na Kanada an kafa allunan karramawa a irin waɗannan gonaki a 1967, shekarar da ƙasar ta cika shekara 100.

Jihar Iowa ta soma nata shirin a 1976, lokacin bikin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci. Sharaɗinta shi ne aƙalla eka 40 na ainihin gonar kakanni su kasance a hannun magada. Michigan kuwa eka 10 ta nema. Iyali kan kawo bayanin yadda gonar ta sauko daga wane zuwa wane, a duba, sannan a kira su bikin baje kolin amfanin gona na jiha a ba su takardar yabo da allon kafawa a bakin hanya. Tun 2006 Iowa ta ƙara mataki na gonakin da suka kai shekara 150.

Da yawa daga gonakin yammacin Amurka sun samo asali ne daga dokar da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ba da eka 160 ga wanda ya zauna a fili ya nome shi shekara biyar. Sai dai filin da aka raba ɗin na da masu shi tun asali, wato Indiyawan Amurka da aka kora. Baƙaƙen fata ma ba su cika fitowa a jerin sunayen masu gonakin ƙarni ba. A 1920 manomansu sun haura 900,000, amma filayen suka zube: mahaifi ya rasu ba wasiyya a rubuce, magada su yi yawa, ɗaya ya sayar da kasonsa, kotu ta sa a yi gwanjon gonar baki ɗaya. Ga kuma wariya wajen ba da rance, wadda ta kai Ma'aikatar Aikin Gona ga sasanta ƙarar Pigford, wadda manoma baƙaƙen fata suka shigar, a 1999. Don haka allon yana nuna juriyar iyali, yana kuma nuna wa aka bari ya riƙe ƙasa.

A yawancin jihohi karramawar girmamawa ce kawai, ba ta yafe haraji, ba ta hana sayarwa. Gonar gidan Tuttle da ke Dover a New Hampshire, wadda aka fara nomawa a shekarun 1630, ta bi tsatso goma sha ɗaya, amma an sayar da ita a 2013.