Tsamiya, Katafila da Mutanen Ɓoye: Gyara Kan Wani Ra'ayi Game da Wuraren Iskoki a Ƙasar Kura da Bunkure

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tarukan ƙara wa juna sani na 'yan shekarun nan, har ɗalibai sun fara ɗaukarsa kamar karatun da aka gama. Ra'ayin shi ne wai labaran wuraren iskoki, irin su tsamiyar da ba a sara da tafkin da ba a shiga da tsakar rana, dokar kare muhalli ce da kakanni suka lulluɓe da tsoro domin jama'a su kiyaye ta. Masu faɗin haka suna da kyakkyawar niyya, domin so suke su wanke magabata daga zargin camfi. Duk da haka ina ganin ra'ayin bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma babu inda ya fi dacewa a gwada shi kamar ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam, da gaɓar Kogin Challawa a Kumbotso.

Ba sai an maimaita abin da Tremearne (1914) da Greenberg (1946) da Besmer (1983) suka rubuta kan iskoki da bori ba. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne jerin wuraren da Bahaushe ya ce mutanen ɓoye suna zama. Akwai tsamiya da kuka, akwai rafi da tsohuwar rijiya. Amma a jerin nan akwai juji, da bayan gida, da kango, da suri, da mararraba, da kasuwa bayan ta watse. Mai cewa tsoron iska dabarar kiyaye itatuwa ce sai ya faɗa mana abin da ake kiyayewa a juji. Ta ɗaya ɓangaren kuma, itatuwan da manomin ƙasar Kano ya fi tattalinsu, wato ɗorawa da kaɗanya, ba da labarin aljani aka tsare su ba. Suna da masu su, ana gadonsu, ana kai ƙara gaban mai unguwa ko dagaci a kansu. Inda al'umma ta so kare itace, ta yi hakan a fili ta hanyar mallaka.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Imani da mutanen ɓoye bai taɓa zama haramcin taɓa wuri ba. Tafe yake da hanyar neman izini. Uwa takan hana ɗiyarta watsa ruwan zafi a tsakar gida da almuru ba tare da bisimilla ba, kada a ƙona 'ya'yan waɗanda ba a gani. Ba ta hana zubar da ruwan ba, sanarwa ta nema. Wanda zai sare tsohuwar bishiya a gonarsa yakan nemi malami ya yi addu'a, a yi sadaka, a ba mazauna wurin lokaci su tashi, sannan a sa gatari. Wannan tsari yana da gindi a littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano: a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Sa'idil Khudri kan macizan gidajen Madina, inda aka yi umarni a yi musu gargaɗi na kwana uku kafin a kashe su. Abin da ke nan ladabin maƙwabtaka ne. Wurin yana da wanda ya riga ka, sai ka yi sallama kafin ka shiga.

To, me ya faru da wannan ladabi ya haɗu da katafila? An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tashi dubban mutane daga garuruwansu. Kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa, an tsara shi ne a kan hekta 22,000, daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Noman da ake shayarwa ta magudanai yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, don haka aka tuge itatuwa, aka baje surai, aka share tsofaffin iyakokin gonaki, sannan aka sake raba ƙasar. Binciken Tina Wallace na ƙarshen shekarun 1970 ya nuna irin sauyin da wannan ya kawo wa mallakar ƙasa da tattalin gidaje. Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya ratsa Kura zuwa Kwanar Gafan ya ga sakamakon: shinkafa da alkama da tumatir iya ganin ido, inuwa kuwa sai an nema. Da tsoron iska doka ce ta kare itace, a nan ya kamata a ga aikinta.

Wani abokin aiki, malami a fannin nazarin ƙasa, ya ƙalubalanci wannan matsayi da misalin ƙasar Ayalan, kuma hujjarsa ta cancanci a tsaya a kanta sosai. A can akwai tsofaffin ganuwoyi masu zagaye, kufan gidajen manoman da suka rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, waɗanda aka ƙidaya wajen 45,000. Mutanen karkara sun ɗauke su mazaunin mutanen ɓoye, suka ƙi sa garma a cikinsu ƙarni bayan ƙarni. Ya kawo kuma labarin Latoon a gundumar Clare, inda a 1999 masanin tatsuniya Eddie Lenihan ya tashi tsaye kan wani ɗan itacen ƙaya da aikin babbar hanya zai ci, har aka killace itacen, hanya ta wuce ta gefensa. Ya ce ko da manufar masu imanin ba kare muhalli ba ce, ai sakamakon shi ne kariya, kuma mai nazari da sakamako yake aiki.

Na yarda da rabin wannan magana. Babu shakka ganuwoyin Ayalan da yawa sun tsira saboda tsoro. Sai dai a duba daga hannun wa suka tsira. Daga hannun mai gonar ne da maƙwabcinsa, mutanen da suka tashi da labarin wurin a kunnensu. Da gwamnati ta shigo da shirin gyaran filayen noma a 1949, ƙasar kuma ta shiga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai a 1973, manyan injuna suka baje ganuwoyi masu yawa, kuma abin da ke tsare waɗanda suka rage a yau har da dokar kayan tarihi. Itacen Latoon kansa, a 2002 wani ya bi dare ya sassare rassansa da zarto mai inji, ko da yake ya sake tohowa. Ya tsira ne domin an samu mai iya magana da 'yan jarida, labari ya kai har Amurka. Kuma abin da aka tattara a taskar Hukumar Adabin Baka ta Ayalan, wadda aka kafa a 1935, yana ƙarfafa fassarar maƙwabtaka ne. Can ma mace takan yi kiran gargaɗi kafin ta watsa ruwan wanki da dare, mai gini kuma yakan kafa alamu a kusurwoyin fili ya kwana, ya ga ko an taɓa su, kafin ya aza harsashi.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata zuwa iyakar abin da hujja za ta ɗauka. Ba na cewa imani da iskoki bai taɓa ceton itace ba. Tsamiya ɗaya a bakin gari, kuka ɗaya a tsohuwar maƙabarta, suna nan tsaye a ƙauyukan Bunkure da Kura, kuma mai yiwuwa tsoro yana cikin abin da ya tsayar da su. Abin da nake cewa shi ne wannan tsoro yana riƙe hannun ɗan gari mai gatari, wanda zai kwana kusa da kututturen. Ba ya riƙe hannun direban katafila da aka ɗauko daga wani gari, wanda aikinsa bin taswira ne. Ƙarfinsa a cikin zaman tare yake, kuma yana ƙarewa a inda zaman tare ya ƙare. Tarihin Kano ma ya nuna haka tun da daɗewa: a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) an sare bishiyar tsafin birni aka gina hasumiya a gurbinta, domin mai iko ya yanke shawara.

Abokin aikin nawa ya ƙara da cewa na musuluntar da abin da asalinsa maguzanci ne. Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya riga ya nuna yadda iskoki suka shiga rukunin aljannu a bakin Musulmi. Tambayar asali tana da muhimmanci, amma ba ita ce a gabanmu ba. Manomin Kadawa na yau, ɗan Tijjaniyya ne ko ɗan Izala, ya yarda da samuwar aljannu domin Alƙur'ani ya ambace su, saɓaninsu kan abin da ya halatta a yi ne game da su. Saboda haka shawarar da ake ji a wasu taruka, wai a farfaɗo da tsoron itatuwa domin yaƙi da kwararowar hamada, tana da haɗari biyu. Za ta jefa dashen itace cikin gardamar shirka, wadda ba ya buƙata, kuma za ta mai da imanin mutane kayan aikin jami'in da shi kansa bai yarda da shi ba.

Ra'ayin kare muhalli ya kuma kasa bayanin yadda wuraren iskoki ke ƙaruwa a inda babu daji ko kaɗan. Adeline Masquelier (2002) ta nuna yadda babbar hanyar kwalta ta kudancin Nijar, wadda ta ratsa Dogonduci, ta zama matattarar labaran iskoki, a ƙasar da mutane ke tuna aikin tilas na gina hanyoyi a zamanin Faransa, suke kuma binne waɗanda haɗarin mota ya kashe. A ganina haka ya kamata a karanta babbar magudanar ruwa ta kankare da ta taso daga Tiga. Iyaye suna hana yara shigarta da tsakar rana da almuru da irin kalmomin da kakanninsu suka yi wa tafki, a wurin da ruwa ke cin yara kuma tsargiya ta yi yawa. A Kumbotso kuwa, inda ruwan masana'antun jima na Challawa ya daɗe yana gangarawa kogi, sunan Sarkin Rafi, iskan bori, bai tsayar da bututu ko ɗaya ba, kuma manoman lambun da ke ban ruwa daga kogin ba wurin masu bori suke kai kukansu ba, wurin hukumar kula da muhalli suke kai shi.