Yadda shari'ar wahaya ta fito daga Adar

A ƙasar Adar, daga Ƙonni zuwa Madawa, Buza da Illela, an daɗe da sanin wahaya: yarinya 'yar bayi da mai mata huɗu ke saya ya ajiye ta ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Ita ce a rijiya, ita ce a turmi, ita ke kwana bayan kowa. A da har munduwar tagulla mai nauyi ake saka wa wasu a ƙafa don a san matsayinsu. Faransa ta haramta cinikin bayi a 1905, amma dokar ta tsaya a ƙofar gida.

Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ita ta dinga matsa wa hukuma lamba har aka gyara kundin hukunta laifuka a watan Yunin 2003, bautar da mutum ta zama laifin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Sai dai doka ba ta aiki sai alƙali ya ɗauke ta.

Hadizatu Mani ce ta gwada ta. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, kan jika 240 na sefa. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure tunda babu sadaki. Ta sama ta juya hukuncin da hujjar al'ada. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata shida bisa laifin aure kan aure. Wannan abin kunya ne ga shari'armu, domin alƙalan sun ga kalmar baiwa a takarda ƙiri-ƙiri, suka wuce.

A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Abu biyu lauyoyi suka tsinta a hukuncin: ba dole sai an ƙare da kotunan gida kafin a je can ba, kuma alƙalin da ya ga alamar bauta wajibi ne ya tayar da maganar da kansa, ko ba wanda ya roƙa.

A 2014 aka ɗaure wani dattijo shekara huɗu a Ƙonni kan wahaya, a 2019 kuma kotun ƙoli ta ce al'adar ba ta da gurbi a doka.

Tun Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, hanyar da Hadizatu ta bi ta toshe. Yarinyar da aka sayar a wani ƙauyen Buza ko Keita yanzu alƙalin gida take dogaro da shi, kuma tazarar da ke tsakaninta da lauya mafi kusa ba ƙarama ba ce.