Tarihin Agogon da "Ba Ya Shan Ruwa": Daga Tekun Ingila Zuwa Takardar Garanti

 

Wannan makon za mu waiwayi tarihin wani alƙawari da aka kusa shekara ɗari ana yi wa masu sayen agogo. Duk wanda ya juya bayan agogonsa, na allura ne ko irin na zamanin nan mai haɗuwa da waya yana ƙirga taku da bugun zuciya, zai iya ganin an rubuta 30M ko 50M ko 5 ATM. Abin da yawancinmu muke fahimta shi ne agogon ba ya shan ruwa. Sai ranar da mutum ya yi ninƙaya da shi, fuskar agogon ta yi hazo ta ɗauke, ya garzaya da takardar garanti, sau da yawa a ce masa ba a ɗauki alhakin ɓarnar ruwa ba. To ta yaya aka zo nan, talla na cewa faɗa ruwa da shi, takarda kuma na cewa in ya lalace kai ka jiyo?

Agogon hannu bai samu karɓuwa wurin maza ba sosai sai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, da sojoji suka ga ba su da sukunin laluben aljihu a cikin ramukan yaƙi. Agogon aljihu yana ɓoye cikin tufa, na hannu kuwa a sarari yake, yana shan ƙura da gumi da ruwan sama. Ƙofa uku ruwa ke bi ya shiga: gefen gilashi, murfin baya, da ɗan makunnin da ake wana agogon da shi. Na ukun nan shi ne ya fi ba maƙera wahala, domin dole a juya shi kullum, abin da ke juyawa kuwa sai ya bar 'yar kafa. Dabarar da aka fara yi ita ce a sanya agogon dungurungum cikin wani gida na biyu mai murfi. Ruwa kam ba ya shiga, sai dai kullum sai an kwance murfin kafin a wana, har ya gaji ya saki.

A shekarar 1926 ne Hans Wilsdorf, Bajamushen da ya kafa kamfaninsa a Landan a 1905 kafin ya mayar da shi Suwizalan, ya fito da agogon Rolex Oyster. Ya sayi haƙƙin wata dabara daga wasu maƙera biyu, Paul Perregaux da Georges Perret, wadda ta sa ana murɗa makunnin ya zauna gam kamar murfin kwalba. Murfin baya da zoben gilashi su ma murɗa su ake yi. Sunan agogon ma daga wata halittar teku aka aro shi, mai ɓawo biyu da ke datse bakinta. Aiki dai ya yi kyau. Saura a shawo kan mutanen da tun kakanninsu suka san ruwa da agogo ba sa ga maciji.

Nan ne wata budurwa mai buga tafireta a Landan, Mercedes Gleitze, ta shigo labarin. Ranar 7 ga Oktoban 1927, a yunƙurinta na takwas, ta haye mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila da iyo, cikin sa'o'i 15 da minti 15. Ita ce mace 'yar Ingila ta farko da ta yi haka. Kwanaki kaɗan bayan nan wata likita, Dorothy Logan, ta ce ita ma ta haye, har ma ta fi ta sauri. Daga baya likitar ta fito ta ce ƙarya ta yi, a jirgin ruwa ta yi yawancin tafiyar, wai don ta nuna babu mai tantance irin waɗannan da'awowi. Ƙaryar Logan ta shafa wa Gleitze kashin kaji, mutane suka fara cewa wa ya sani ko ita ma haka ta yi. Don ta wanke kanta sai ta ce za ta sake.

Wilsdorf ya ga dama ta samu, ya ba ta agogon Oyster. Ranar 21 ga Oktoba ta sake faɗawa teku da agogon rataye a wuyanta da zare. Lokacin sanyi ya riga ya kama, ruwan ya fi na ranar farko sanyi nesa ba kusa ba. Bayan ta shafe sama da sa'o'i goma aka tsamo ta a galabaice, ba ta kai gaci ba. Amma waɗanda suka bi ta a jirgi sun ga juriyar da ta isa ta kawar da shakka, agogon kuma yana nan yana tafiya. Ranar 24 ga Nuwamba Rolex ya saye shafin farko na jaridar Daily Mail ya buga tallar agogon da sunanta. Shaguna kuma suka riƙa jefa shi cikin akwatin gilashi mai ruwa da kifaye, masu wucewa na kallo.

A ganinmu babu ƙarya a wannan talla, agogon ya sha ruwan gishiri na sa'o'i goma bai tsaya ba. Sai dai har gobe mutane da yawa na ɗauka a tafiyar da ta yi nasara ta sanya shi, kuma a hannu ta ɗaura. Tun daga ranar farko ke nan hoton da talla ke bari a ƙwaƙwalwa ya ɗan fi abin da ya faru faɗi. Ita dai Gleitze ba ta tsaya nan ba, a 1928 ta zama mutum na farko da ya haye mashigin Jibralta da iyo.

Daga nan gasa ta koma ta zurfi. A 1953 agogunan masu nutso suka fito, Fifty Fathoms na Blancpain da Submariner na Rolex. Ranar 23 ga Janairun 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka da jirgin nutso mai suna Trieste zuwa wuri mafi zurfi a teku, kimanin mita 10,900, da wani agogon gwaji na Rolex maƙale a jikin jirgin ta waje, ya kuma dawo yana aiki.

Waɗannan agoguna ne na musamman. Matsalar ita ce kalmar da suka yi suna da ita, "waterproof", wato ruwa ba ya shiga faufau, kowane mai ƙera agogon kwabo ya ɗauka ya buga a bayan nasa. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta taka wa masu agogo birki a kan kalmar. A 1990 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'idar ISO 2281, wadda ita ma ta kawar da ita, aka tsaya a kan "water resistant", wato yana jure ruwa zuwa wani haddi. Mu da muke sana'ar kalma ya kamata mu tsaya a nan. Kalma ta farko hukunci ce da ba ta da togaciya, ta biyu kuwa ta bar ƙofa a buɗe, ba ta faɗi tsawon lokacin juriyar ba. Abin lura kuma, Hausarmu ba ta bi wannan sauyi ba. Mai shago zai ce maka "ba ya shan ruwa", ko wacce daga cikin biyun aka rubuta. Wato da bakinmu har yanzu alƙawarin 1927 muke maimaitawa, alhali yawancin masu kayan sun daɗe da janye shi.

Lambar da ke bayan agogo ita ma tana da nata ruɗin. Kowace mita goma ta zurfin ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu sau ɗaya, shi ne ATM ɗaya. Don haka 5 ATM da 50M abu ɗaya ne. Amma gwajin a ɗakin bincike ake yinsa, da sabon agogo, cikin ruwa mai tsabta da ba ya motsi, na 'yan mintuna. Ƙa'idar ISO 22810 ta 2010, wadda ta gaji ta 1990, ba ta wajabta a gwada kowane agogo ɗaya bayan ɗaya ba, ana iya ɗibar samfuri. Agogon masu nutso ne, a ƙarƙashin ISO 6425, ake gwada kowanne, da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, kuma ba ya gaza mita 100. Shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa mai 30M fantsalin ruwa da wankin hannu kawai zai ɗauka, mai 50M kuma iyo a saman ruwa, ban da nutso.

Agogon zamani ya zo ya tarar da wannan tsari, ya kuma zo da ƙarin ƙofofi. Ga sifika, ga makirfo, ga maɓallai, wasu ma har da 'yar kafar auna matsin iska, kuma galibi da gam ake manne fuskar maimakon murɗawa. Apple Watch na farko, na 2015, fantsali kawai aka ce ya jure. A Satumbar 2016 aka fito da Series 2 mai 50M, aka tallata shi da masu iyo, har da dabarar da sifika ke karkaɗawa ta fesar da ruwan da ya maƙale a cikinta. Amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa juriyar ruwa ba dawwamammiya ba ce, tana raguwa da tsufa, kuma faɗuwa ƙasa, sabulu, turare, man shafawa da tururin zafi duk suna raunana ta. Ya ƙara da cewa ba a iya sake gwada agogon ko sake toshe shi. Tsohon agogon allura kuwa ana kai shi wurin mai gyara ya sauya zoben roba, a gwada shi da na'ura, ya koma yadda yake.

Yanzu sai batun garanti. Abin da takardar ke ɗaukar alhakinsa shi ne aibin ƙira da aibin kayan da aka yi amfani da su, galibi na shekara ɗaya. Ba ta ɗaukar hatsari ko sakaci ko tsufa. To idan ruwa ya shiga agogo mai wata takwas, tun daga masana'anta gam ɗin bai kama ba, ko kuwa mai shi ne ya taɓa buga shi da ƙofa? Tsatsar da ke ciki iri ɗaya ce ko wanne ne ya faru. Wanda zai buɗe ya yanke hukunci kuma shi ne wanda zai biya in laifin nasa ne.

Manyan shari'o'in da aka yi a kan wannan batu na wayoyi ne, amma kamfanonin su ne dai, salon tallar kuma iri ɗaya. Cikin wayoyi ana sanya wani ɗan farin tambari da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi, da an ga ja sai a ce garanti ya faɗi. Masu saye a Amurka suka kai ƙara cewa danshin iska kaɗai na iya sauya launin, kuma a 2013 Apple ya amince ya biya dala miliyan 53 don a sasanta, ba tare da ya amsa laifi ba. A Nuwambar 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci shi tarar yuro miliyan 10. Hujjarta biyu ce: an tallata juriyar ruwan iPhone ba a fayyace cewa a ruwan ɗakin gwaji aka auna ba, sannan ana ƙin gyara wayar da ruwa ya ɓata a ƙarƙashin garanti. A Ostareliya kuma, a Yunin 2022, kotun tarayya ta umarci Samsung ya biya dalar ƙasar miliyan 14 saboda tallace-tallace tara da ya yi tsakanin Maris ɗin 2016 da Oktoban 2018, masu nuna ana iya shiga tafkin ninƙaya da teku da wayoyin Galaxy. Kamfanin ya amsa cewa bakin caji na iya yin tsatsa idan aka jona wayar tana jiƙe. Wayoyin da abin ya shafa sun haura miliyan uku.

Wani zai ce ai kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Mu dai ba mu ga haka ba, domin wanda aka nuna wa hoton mai iyo ba rariya aka ce masa ya saya ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi ta wata hanya, suka taɓa tambayar nan ta wa zai kawo hujja. Doka ta ba mai saye garantin shekara biyu a kan mai sayarwa, kuma tun daga Janairun 2022, idan aibi ya bayyana cikin shekarar farko, ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai in mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. Kafin nan wata shida ne.

A Nijeriya akwai dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke kula da ita, amma doka tana buƙatar rasit da shaidar inda aka sayi kaya. Da yawa daga agogunan zamanin da ke hannunmu kuwa na hannu ne, an yi amfani da su a waje kafin su iso kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, garantinsu ya daɗe da ƙarewa. Ruwan da suke haɗuwa da shi a wurinmu ma ba na teku ba ne, na alwala ne da wanka da sabulu, kullum, cikin zafin da ke gajiyar da gam. Wasu an taɓa ɓanɓare fuskarsu an sauya batir ko gilashi, aka mayar da gam ɗin da ya samu. Rubutun 50M kuwa a jikin murfin baya aka zana shi, yana nan daram ko da an buɗe agogon sau uku.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.